WA YA HANA YARINYAR NAN SHAN MAGANINTA?

 

 Na san kun saba in zo muku da labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, to yau sai dai ku yi haƙuri, babu Alhaji mai Marsandi, babu budurwa mai fari da ido. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, na rasa yadda zan haɗiye ta, shi ya sa na ɗauki biro. Wanda maganar ta sosa ya yafe mini, amma ya sani gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma kafin in nuna kowa da yatsa, kaina zan fara nunawa.

Ina da wata aminiya da muka yi sakandare tare, Allah ya yi mata rasuwa ta bar 'yar ƙaramar yarinya 'yar shekara huɗu. Kafin ta rasu ta riƙe hannuna ta faɗa mini abin da ke damunta, wato cutar nan mai karya garkuwar jiki, HIV, wadda mutanenmu ke kira ƙanjamau, ta kuma ce yarinyar ma an auna an same ta da ita. Kakarta ta wajen uwa ce ta ɗauke ta, suka zauna a wani ƙauye cikin ƙasar Tsafe, har lokacin da 'yan bindiga suka tashe su suka dawo Gusau. Tsohuwar nan ba ta taɓa wasa da maganin jikarta ba, kullum da safe bayan sallah sai ta ba ta. Amma idan yarinyar ta tambaya, "Inna, wai maganin mi ne wanga?" sai ta ce mata na ƙarin jini ne, sikila gare ta. Ni ma da na je gaishe su ta tambaye ni, na ce haka ne, na ƙarin jini ne.

Shekara goma muna kan wannan ƙarya. To amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Da aka kai ta makarantar kwana sai Allah ya haɗa ta ɗaki ɗaya da wata yarinya mai sikila ta gaskiya, wadda ta dubi robar maganin ta ce ita dai ba irin wannan likita ke ba ta ba. Da aka yi hutu yarinyar ta ari wayar wani ɗan maƙwabta, ta kwafi sunan da ke jikin robar ta rubuta. Minti ɗaya bai cika ba waya ta faɗa mata abin da mu manya muka kasa faɗa mata a shekara goma. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta tambayi kowa ba. Abin da ta yi shi ne, kullum idan an ba ta ƙwayar sai ta ɓoye a ƙarƙashin harshe, ta zaga bayi ta tofar a masai. Wata bakwai tana haka.

Sai da tari ya kama ta, ta rame, bakinta ya yi fari fat da ƙuraje har ba ta iya cin tuwo, sannan aka kwashe ta zuwa asibiti. Aka auna aka ce tarin fuka ne, kuma ƙwayar cutar ta cika mata jini. Ranar da na je duba ta, ta dube ni da idanun nan da suka faɗa, ta ce, "Anti, ke ma kin sani ko?" Wallahi tallahi na rubuta littattafai, na sa jarumai sun yi maganganu iri-iri, amma ranar nan na nemi kalma ɗaya a bakina na rasa. Ta ce, "Kowa ya sani sai ni mai jikin."

Alhamdulillahi ta tashi, yanzu tana shan maganinta da hannunta. Amma tun ranar nake tambayar kaina, wai wa ya hana yarinyar nan shan maganinta? Mutane suna cewa taurin kan yaran zamani ne. Ni na ce a'a. Mu ne.

ME YA SA SAI KULLUM?

Bari in fara da abin da ya kamata kowace uwa ta sani, domin rashin sani ya fi dare duhu. Ƙwayar cutar nan idan ta shiga jiki sojojin jini take kamawa, waɗanda likitoci ke kira CD4, ta shiga cikinsu ta riƙa haihuwa tana kashe su. Maganin da ake bayarwa ba ya fitar da ita gaba ɗaya daga jiki, abin da yake yi shi ne ya hana ta haihuwa. Duk ɗan Zamfara ya san wuta-wuta a gonar dawa. Ka cire ta fes, gona ta yi kyau, amma irinta na nan kwance cikin ƙasa yana jiran ka yi sake. To haka wannan cuta take. Muddin maganin na cikin jini tana kwance, har a auna a kasa ganinta, yaro ya yi ƙiba, ya yi karatu, ya buga ƙwallo kamar kowa. Ranar da aka fara tsallake sha, yau a sha gobe a bari, sai ta farka. Abin da ya fi muni, a irin wannan sha-ka-bari ne take koyon yadda za ta kauce wa maganin, har a wayi gari ana sha ba ya aiki, sai an canza wani. Kuma magungunan canjin ba su da yawa, yaron da zai rayu shekara sittin ko saba'in yana sha bai kamata ya ƙarar da su tun yana sha biyar ba.

Masana sun tabbatar cewa jariran da aka haifa da cutar, idan ba a ba su magani ba, kusan rabinsu ba sa wuce shekara biyu a duniya. Uwa mai ɗauke da ita idan ba ta shan magani, cikin haihuwa 100 ana iya samun 15 zuwa 45 da za su ɗauka, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. Idan tana sha yadda ya kamata abin yana komawa ƙasa da 5. Ke nan yawancin yaran da muke magana a kansu ba su aikata komai ba, da ita suka buɗe ido. Kuma su ne aka fi bari a baya. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 sun nuna cewa cikin manya masu cutar a duniya kashi 77 cikin 100 na samun magani, amma yara kashi 57 ne kacal. Babba yana iya hawa mota ya kai kansa asibiti. Yaro sai an kai shi.

A da muna da uzuri. An fara ba da labarin ɓullar cutar a Nijeriya a 1986, lokacin babu magani, shi ya sa aka riƙa yi mata laƙabi da kabari kusa. Da Fela ya rasu a watan Agusta 1997, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa zama ministan lafiya, ya fito ya faɗa wa duniya abin da ya kashe ƙaninsa, mutane suka yi ta mamakin ƙarfin halinsa. Gwamnatin tarayya ta fara shirin ba da maganin a 2002, daga 2006 kuma ya zama kyauta. Ko bayan nan na yara ya daɗe yana wahalarwa, domin akwai wani na ruwa mai ɗacin tsiya wanda sai an ajiye shi a firiji, ku dubi Allah, firiji a ƙauyen da ko fitilar lantarki babu. Amma yanzu fa? Babba da matashi ƙwaya ɗaya ce tal a rana, wadda ake kira TLD. Ƙananan yara kuwa tun 2021 aka kawo musu dolutegravir na yara, 'yar ƙwaya mai narkewa a cikin ɗan ruwa, mai ɗanɗanon kayan marmari, ana iya ba jaririn da ya kai sati huɗu da nauyin kilo uku, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka same ta. Likitoci sun cire ɗacin da ke cikin magani. Saura wanda ke kan harshenmu.

UZURIN DA MUKE KAWOWA

Na zauna da mata da dama a kan maganar nan, a gidan biki da gidan suna da layin asibiti, kuma uzurin bai wuce uku ba.

Na farko, wai yaro ba ya riƙe sirri, in an faɗa masa zai je ya faɗa a waje. Wannan tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba. Amma ai ba wanda ya ce ki zaunar da ɗan shekara biyar ki kira masa sunan cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011 ta ba da shawara cewa a riƙa faɗa wa yaro kaɗan-kaɗan gwargwadon hankalinsa, ya zamana a shekarun firamare, tsakanin shida zuwa sha biyu, ya san gaskiyar abin da ke jikinsa. Ƙarami sai ki ce masa akwai wata ƙwayar cuta a jininsa, maganin nan shi ke sa ta barci don sojojin jikinsa su yi ƙarfi. Wannan gaskiya ce, ba ƙarya a ciki, gobe kina iya ɗora bayani a kanta. Amma idan kika ce sikila ce, gobe sai kin rushe ginin gaba ɗaya, kuma da shi za ki rushe yardar da ya yi miki. Sannan yaran da muke cewa ba su riƙe sirri, su ne fa suka san inda kike ɓoye kuɗin adashi ba su taɓa faɗa wa babansu ba.

Na biyu, wai zai tambaya ina ya samo ta, asirin iyaye ya tonu. To a nan ne gizo ke saƙa. Ashe ba yaron muke karewa ba, kanmu muke karewa. Mun gwammace yaro ya shiga haɗari da a ce mun ji kunya na minti goma a gabansa. Alhali cutar nan hanyoyinta da yawa. Mace nawa ce ta same ta a ɗakin aurenta na sunna, ba ta taɓa sanin wani namiji ba? Akwai ƙarin jinin da ba a auna ba, akwai allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, akwai askar da ba a tsabtace ba. Ba dole ne ki ba yaro tarihin kowa ba. Ya isa ki ce, “Ni ma ina da ita, a jikina ka samu lokacin ban sani ba, ga nawa maganin, zo mu sha tare.” Wallahi babu abin da ke ƙarfafa yaro kamar ya ga uwarsa na haɗiyar tata ƙwayar a gabansa.

Na uku, wai in ta sani za ta fid da rai da aure. Haba jama'a! To in ba ta sani ba fa, ranar auren za a yi yaya? Yanzu iyaye da limamai da dama ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini, a Kano ma tun 2024 abin ya zama doka. Kuna so sai an kawo lefe, an raba goro, sannan wani baƙo a ɗakin gwaji ya faɗa mata? Ga kuma abin da da yawa ba su sani ba. Bincike ya tabbatar cewa wanda ke shan magani har ƙwayar cutar ta kwanta aka kasa ganinta a awo, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar kwanciya. Mata masu ita suna aure, suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Ke nan maganin da take tofarwa a masai shi ne hanyar aurenta da haihuwarta, amma wa ya taɓa faɗa mata haka?

Muna yawan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wancan zamanin ne. Yaron yau ba rimi yake hawa ba, waya yake dannawa. In ba ki faɗa masa da bakin uwa ba, zai ji a bakin da babu tausayi.

MASU SAYAR DA WARAKA A JARKA

Yanzu bari in juyo kan masu lasifika a bakin kasuwa da tasha, da waɗanda ke cika mana waya da tallar sun gano maganin ƙanjamau sha yanzu magani yanzu. Ku ji tsoron Allah. Ba na faɗa da maganin gargajiya, da saɓara da bagaruwa aka yi mana wankan jego. Ba na faɗa da addu'a, wane ne mu in babu ita? Faɗana da wanda zai karɓi kuɗin tunkiyar marainiya ya ce ta ajiye na asibiti ta sha nasa. Dabarar tasu a fili take. Yaron da ya daɗe yana shan magani jininsa a kwance yake, in ya bari ba ranar zai faɗi ba, sai ya yi watanni yana yawo garau, a ce ai ga shi ya warke. Lokacin da zai kwanta mai jarka ya daɗe da canza kasuwa.

Ba yau aka fara ba, kuma ba ƙananan mutane kaɗai ba. A watan Janairu 2007 shugaban ƙasar Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya fito ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganyayyaki, aka tara marasa lafiya aka sa su ajiye maganin asibiti. An rasa rayuka, kuma a 2018, bayan ya bar mulki, wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun kai shi ƙara kotu. In shugaban ƙasa da fadarsa bai warkar ba, wane ne mai jarka a bayan tasha? Addininmu ya hore mu da neman magani, kowane malamin kirki zai faɗa miki haka. Yi addu'arki, tofa a ruwa, ba yaro ya kora ƙwayarsa da shi. Ba su taɓa faɗa da juna ba.

Haka maganar azumi. Matashi ya ga sa'o'insa na azumi, shi ma yana so, sai ya bar magani wata guda cur don kada a gane. Alhali ƙwaya ɗaya ce a rana. A je a shawarci ma'aikacin asibiti tun cikin Sha'aban, a mayar da lokacin sha ya koma sahur ko bayan buɗa baki. Wanda kuma jikinsa ba ƙarfi, ai shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

GARE KU IYAYE MAZA

Ku ma ba zan ƙyale ku ba. Mace ta je awon ciki an same ta da cutar, an ce ta turo maigida, sai ya ce shi lafiyarsa lau, ita ta san inda ta kwaso. Wani ya sake ta, wani ya hana ta fita, wani ya ce kada ya ƙara ganin robar nan a gidansa. Sai ka ga baiwar Allah tana ɓoye maganin ɗanta a cikin buhun gero ko a ƙarƙashin katifa don tsoron miji da kishiya, ranar da maigida ke ɗakinta yaro ya kwana bai sha ba. Malam, wannan yaron sunanka yake amsawa. Kuɗin mota daga Nahuce ko Kwatarkwashi zuwa Gusau bai kai abin da kake kashewa a teburin mai shayi cikin sati ba. Kuma ba karɓo magani kaɗai ba ne, dole a riƙa zuwa da yaron ana ɗora shi a sikeli, domin maganin yara da nauyinsu ake auna shi. Yaro ya girma ana ba shi na lokacin da yake ƙarami, kamar ka sa wa ɗan shekara goma rigar yaye ne, ba za ta rufe shi ba. Kai ma ka daure ka je a auna ka, tare da sauran matanka da 'ya'yanka. In babu, ka gode wa Allah. In akwai, magani kyauta ne.

MAKARANTA DA ASIBITI

A wata makarantar kwana da ba zan kira suna ba, mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata ta yi binciken akwatuna, ta ci karo da robar wata yarinya, ta ɗaga ta sama a gaban ɗalibai tana tambayar ta wace ce. Daga ranar babu mai cin abinci kwano ɗaya da yarinyar, babu mai aron bokitinta. To ki faɗa mini, wace yarinya ce za ta ga haka ta ƙara fito da tata robar? Cutar nan ba a ɗaukarta a kwano, ko bokiti, ko musabaha, ko cizon sauro. Kuma tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu ita bambanci a makaranta da wurin aiki da asibiti. Kowace makarantar kwana ya kamata ta samu mutum ɗaya mai amana, malama ko nas, wadda za ta ajiye maganin yara a ɗakinta, mai asma da mai sikila da mai wannan duk su riƙa zuwa lokaci ɗaya, babu mai sanin na wani.

Ma'aikatan asibiti kuwa, da yawanku kuna ƙoƙari, Allah ya saka. Amma na taɓa ji da kunnena wata ta daka wa wani yaro tsawa a gaban layi, wai in ya ga dama ya mutu tunda ba ya jin magana. Yaron nan bai dawo ba. Wanda ya tsallake magani ba tsawa yake buƙata ba, tambaya yake buƙata: me ya faru? Sau da yawa amsar ita ce yunwa, ko kuɗin mota, ko gorin da aka yi masa, ko kuma kawai ya gaji, domin ɗan shekara sha biyar da aka ce zai sha abu har ƙarshen ransa dole wata rana ya gaji.

Wasu ƙasashe sun gano cewa matashi ya fi jin maganar ɗan uwansa matashi. A Zimbabuwe tun 2004 akwai shirin Zvandiri, inda matasa masu cutar ke bin ƙannensu gida-gida suna ƙarfafa musu gwiwa. A Kenya a 2016 aka fara Operation Triple Zero, wato sifili uku: kada a tsallake ranar asibiti, kada a tsallake ƙwaya, kada a ga cutar a awon jini. Shirin ya iso asibitocin Nijeriya. Abin da nake roƙo shi ne a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da manyan asibitocin Tsafe da Bunguɗu, a tabbatar matasan nan suna da ranarsu ta daban da ba ta ci karo da makaranta ba, su zauna su ga ba su kaɗai ba ne.

HANYA DA HUKUMA

Na san wani zai ce, Hajiya kina cikin Gusau kina surutu, kin san halin da hanya take ciki? Na sani. Na san akwai ranakun da mai fita daga ƙauyukan Tsafe sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya yaƙi. Ban manta watan Satumba 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan aka hana cin kasuwannin mako, mutum ba ya iya ko kiran asibiti. Na san dubban mutane sun bar garuruwansu, wasu ko katin asibiti ba su tsira da shi ba. Wannan ba laifin uwa ba ne, kuma a nan hukuma ce ke da magana. Akwai tsarin ba da maganin wata uku har zuwa shida a lokaci ɗaya ga wanda jikinsa ya daidaita, a faɗaɗa shi ga mutanen ƙauye. Wanda ya yi gudun hijira ya zo babu kati, a karɓe shi a ba shi magani, a nemi takarda daga baya.

Sannan mu daina barci da idon maƙwabci. Shekara da shekaru kaso mai yawa na maganin nan da tallafin waje ake sayensa, musamman shirin PEPFAR na Amurka da aka kafa a 2003, da Asusun Duniya. A watan Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, hankalin kowa ya tashi, har gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 a watan Fabrairu don sayen magani. Wannan ya isa ishara. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu cutar a Nijeriya sun kai kimanin miliyan 1.9, kuma Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙaranci, kashi 0.6 cikin 100. Wasu sun ji haka sun ce ashe mu ba ruwanmu. Ni kuwa cewa na yi, tunda namu ba su da yawa, wane uzuri gare mu na kasa riƙe su?

ABIN DA KE HANNUNMU

'Yar uwa, in kina riƙon irin wannan yaro, ga ɗan abin da na koya da tsada. Ki ɗaura shan magani da abin da ba ya tashi, kamar sallar asuba ko ta isha'i, don kada a dogara da tuni. Ki tsaya ki ga ya haɗiye, ko da ya girma, amma da fara'a ba da zargi ba. In an manta aka tuna a ranar a sha nan take, in har lokacin na gaba ya matso kada a haɗa biyu. In za a yi tafiya, biki ko gudun tashin hankali, robar magani ta riga zane shiga jaka. Kada a jira sai ƙwaya ta ƙare kafin a koma. In an ba yaro maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki ko na tarin fuka, a faɗa wa likita, domin wasunsu na rage ƙarfin wannan in ba a gyara yadda ake sha ba. Ki riƙa tambayar sakamakon awon yawan ƙwayar cutar a jini, ki nuna wa yaron, ya ga amfanin wahalarsa da idonsa. Ki samu mutum ɗaya mai amana cikin dangi da ya sani, saboda ranar da ba kya nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwa uba, ki faɗa masa gaskiya. In bakinki ya yi nauyi, ki je da shi asibiti, akwai waɗanda aka horar su taya ki.

Mu kuma sauran jama'a da Allah bai jarrabe mu da wannan ba, aikinmu ɗaya ne, mu kama bakinmu. Duk ranar da kika zauna a tsakar gida kina cewa wance ai ƙanjamau ya kashe ta, kina taɓe baki, ki sani wataƙila akwai yaro a gefe yana wasa da ƙasa yana jin ki, kuma da dare akwai ƙwayar da zai sha ko ya tofar.

A shekarar 2000 wani yaro ɗan Afirka ta Kudu mai suna Nkosi Johnson, yana da shekara 11, ya tsaya a gaban babban taron duniya a birnin Durban ya roƙi a ɗauki masu cutar nan kamar kowa. Ya rasu a 2001, a zamanin da magani bai wadata ba. Namu yaran sun zo a zamanin da magani ke nan kyauta. In muka rasa su, ranar gobe ba za mu ce babu magani ba.

'Yar aminiyata na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Kwanan baya na je gidansu da magariba na tarar tana ba wani ƙaramin yaro na unguwarsu labari, wanda uwarsa ta kawo mata don ya ƙi shan nasa. Na ji tana ce masa, “Kawo ruwan, ni in sha tawa kai ka sha taka, mu ga wa zai riga.” Na koma zaure na share hawayena kafin in yi sallama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe amanar marayu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ni.